Demencia: Yadda kalma ɗaya ta ɗaure hauka da cutar mantuwa a turke ɗaya

Duk wanda ya buɗe ƙamusun Cibiyar Harshe ta Masarautar Sifaniya, wadda aka kafa a Madrid a shekarar 1713, ya nemi kalmar demencia, zai tarar da ma'ana biyu a jere. Ta farko ita ce hauka, wato gushewar hankali. Ta biyu, wadda aka yi wa alamar cewa ta likitoci ce, ita ce lalacewar basira sannu a hankali har ta kai ga sauya halayen mutum. Wannan ta biyun ita ce larurar da kafafen yaɗa labarai na Hausa ke kira cutar mantuwa, wadda a gida aka fi sani da gigin tsufa. Idan likita a Madrid ko Lima ya shaida wa iyali cewa mahaifiyarsu na da demencia, ma'ana ta biyu yake nufi, amma sau da yawa ta farkon ce ke riga shiga kunnensu.

Hausawa na cewa suna linzami ne. Kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da Sifaniyanci a matsayin harshen uwa, kuma shi ne harshen gwamnati a ƙasashe kimanin 20, ciki har da Ikwatoriyal Gini da ke maƙwabtaka da Najeriya ta teku. A duk waɗannan ƙasashe, kalmar nan guda tana aiki a asibiti, tana aiki a kotu, tana zama zagi a bakin 'yan siyasa, kuma tana zama abin raha a shafukan sada zumunta. Wanda ke biyan kuɗin wannan cakuɗewa shi ne marar lafiya da iyalinsa. Abin da ƙasashen suka fuskanta a shekarun baya-bayan nan ya nuna inda gyara yake amfani: a cikin doka, da ɗakin likita, da takardun hukuma. Bakin jama'a kuwa ba ya jin umarni, abin da ido ya gani yake bi.

Asalin kalmar

Daga harshen Latin kalmar ta fito. De na nufin rabuwa da wani abu, mens kuma hankali ne, don haka demens shi ne wanda ya fita daga hayyacinsa. Romawa sun yi amfani da ita ga mahaukaci da kuma wanda ya tafka wauta, babu ruwansu da yawan shekarunsa. A yawancin Sifaniya ana furta harafin c na cikin kalmar kamar yadda Larabawa ke furta harafi na biyu a sunan Usman. A Latin Amurka kuwa demensiya ake cewa.

Su kansu likitoci sun daɗe suna amfani da kalmar a faɗaɗe. A ƙarshen ƙarni na 19, likitan ƙwaƙwalwa na Jamus Emil Kraepelin ya yaɗa wani suna da a Sifaniyanci ya zama demencia precoz, wato gushewar hankali da wuri, ga wata larura da ke kama matasa. Daga baya likitan Suwizalan Eugen Bleuler ya sauya mata suna, ita ce a yau ake kira esquizofrenia, kuma ba ta da alaƙa da cutar mantuwa. A 1906 ne Alois Alzheimer ya gabatar da bayanin wata mata da ta fara rasa tunaninta tana ɗan shekara 50 da 'yan kai, ya kuma nuna abin da ya gani a ƙwaƙwalwarta bayan ta rasu. Cikin ƙarni na 20 likitoci suka ci gaba da taƙaita kalmar har ta tsaya kan cututtukan da ke cinye ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Jama'a ba su bi su zuwa can ba, suka ci gaba da riƙe tsohuwar ma'anar.

A bakin jama'a

Daga demencia aka samu siffar demencial, wadda ake ji kullum a hira da kanun jaridu. Kuɗin hayar gida a Madrid demencial ne, cunkoson motoci a birnin Meziko demencial ne, haka nan duk wani tsari na gwamnati da bai yi wa mai magana daɗi ba. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin shi ma yakan ce kaya sun yi tsadar hauka, ko wane ya samu mahaukatan kuɗi. Sai kuma demente, sunan wanda abin ya sama. Idan ɗan siyasa ya kira abokin hamayyarsa demente, ba ciwo yake jajanta masa ba, mahaukaci yake ce masa.

Akwai inda kalmar ta zama abin alfahari. Magoya bayan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Estudiantes da ke Madrid sun raɗa wa kansu suna La Demencia tun shekarun 1970, kuma kowannensu na kiran kansa demente cikin fara'a, ma'ana wanda son ƙungiyarsa ya zautar.

Mafi yaɗuwa a shekarun nan shi ne salon maganar fingir demencia, wato yin haukan ƙarya ko mantuwar gangan. A Meziko da Ajantina da wasu ƙasashen yankin ana faɗin haka ga wanda ya yi kunnen uwar shegu da abin da ya sani sarai: wanda ake bi bashi ya ga mai kuɗin ya kau da kai, ko jami'in da aka tuna masa alƙawarinsa ya yi kamar yau ya fara ji. A Ajantina, a 2023, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 200 cikin 100, maganar ta zama ruwan dare a shafukan sada zumunta, matasa na amfani da ita da nufin a rufe ido a ci gaba da rayuwa tunda ba yadda za a yi.

Babu mugun nufi a yawancin waɗannan maganganu, kuma wanda ya ce zai hana su ya ɗauko dala ba gammo. Duk da haka suna barin tabo. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da masu cutar mantuwa a farkon ciwon shi ne zargin cewa suna sane. Dattijo ya tuna sunan malaminsa na firamare amma ya manta ya ci abincin rana, sai 'ya'yansa su ɗauka neman rigima yake yi. Harshen da ya saba haɗa wannan kalma da yin ƙarya yana ƙara wa irin wannan zargi ƙarfi ba tare da kowa ya nufa ba.

Abin da likita yake nufi

A wurin likita, demencia suna ne na tarin alamomi da cututtuka daban-daban ke haddasawa: raunin tuna abin da ya faru kwanan nan, ɓacewar kalmomi, ɓata hanya a wurin da aka saba, kasa lissafin kuɗi, da sauyin hali, har su kai ga hana mutum gudanar da harkokinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da larurar, ana samun kusan miliyan 10 sababbi a kowace shekara, kuma sama da kashi 60 cikin 100 na masu ita suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Sauran sun haɗa da wadda toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke kawowa, wadda hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ke share wa hanya.

Domin guje wa ma'anar hauka, masu jin Sifaniyanci sun daɗe suna ƙara wata kalma su ce demencia senil, wato ta tsufa. A hira kuma sukan ce tsoho ya fara chochear, kamar dai yadda ake cewa gigin tsufa ya kama shi. Wannan ya fi laushi a kunne, sai dai yana ɗauke da nasa kuskuren, domin yana nuna cewa abin da ya samu dattijon hali ne na shekaru, babu dalilin zuwa asibiti. Wani bincike da ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da cutar Alzheimer ta wallafa a 2019, wanda ya ji ra'ayin kusan mutum 70,000 a ƙasashe 155, ya gano cewa kimanin biyu cikin uku na jama'a suna ɗaukar larurar a matsayin wani ɓangare na tsufa. Shekaru na ƙara haɗarin kamuwa, amma akasarin tsofaffi suna rasuwa da hankalinsu. Bugu da ƙari, akwai larurorin da ke kama da ita waɗanda ke warkewa idan an gano su, irin su ƙarancin sinadarin B12, da raunin aikin wata halitta a maƙogwaro da ke daidaita ƙarfin jiki, da ciwon damuwa mai tsanani. Iyalin da suka ce tsufa ne kawai sun rufe ƙofar gano waɗannan.

Babu inda ya ƙaryata kalmar senil kamar tsaunukan jihar Antioquia a Kolombiya. A garin Yarumal da ƙauyukan da ke kewaye da shi akwai wani babban dangi na kusan mutum 6,000 da wata cutar mantuwa ta gado ke bi. Masu ɗauke da ƙwayar gadon sukan fara nuna alamu suna da shekara 44 ko kusa da haka, kafin su cika 50 ciwon ya bayyana sosai. Mutanen yankin sun kira abin la bobera, wato wawanci, wasu na danganta shi da baki ko sihiri. Likitan ƙwaƙwalwa Francisco Lopera na Jami'ar Antioquia, wanda ya rasu a 2024, ya shafe kusan shekara 40 yana bin waɗannan iyalai gida gida, yana tattara tarihin zuri'arsu daga littattafan coci, har aka tabbatar a tsakiyar shekarun 1990 cewa nau'in Alzheimer ne da sauyin ƙwayar gado guda ɗaya ke haddasawa. Maganin da aka gwada a kansu daga 2013 bai ba da sakamakon da aka yi fata ba lokacin da aka bayyana shi a 2022. Amma tun kafin nan iyalan sun samu abin da kakanninsu ba su samu ba, wato sunan da ke cewa ciwo ne, ba la'ana ko rashin wayo ba.

A gaban alƙali

Inda kalmar ta fi yin ɓarna shi ne cikin doka, domin a can ma'anarta tana iya raba mutum da gidansa. Kundin dokokin mu'amala na Chile, wanda Andrés Bello ya tsara aka amince da shi a 1855, ya jera dementes tare da yaran da ba su balaga ba a cikin waɗanda doka ba ta amince da duk wata hulɗa da suka ƙulla ba. Kundin Ajantina na Dalmacio Vélez Sarsfield, wanda ya fara aiki a 1871, shi ma da wannan kalma ya kira wanda kotu ta ɗora wa waliyyi. A irin wannan tsari matsayi biyu ne kawai: ko mutum na da cikakken hankali, ko ba shi da shi sam. Cutar mantuwa kuwa ba haka take tafiya ba. Tana ɗaukar shekaru, kuma mai ita zai iya kasa lissafin asusun banki alhali ya san sarai inda yake so ya zauna da wanda ya yarda ya kula da shi.

Shari'ar Augusto Pinochet ta fito da ɗaya gefen matsalar. Janar ɗin da ya mulki Chile daga juyin mulkin 1973 zuwa 1990 an tsare shi a Landan a Oktoba 1998 bisa sammacin alƙalin Sifaniya Baltasar Garzón, aka sake shi a Maris 2000 bisa dalilin rashin lafiya. Da ya sauka a Santiago sai ya miƙe daga keken marasa lafiya ya gaisa da masu tarbarsa. A gida, alƙali Juan Guzmán ya tuhume shi kan kisan fiye da mutum 70 da wata tawagar sojoji ta yi a garuruwa daban-daban a 1973. Dokar shari'ar laifuka ta lokacin ta ba da damar dakatar da shari'a idan wanda ake tuhuma ya faɗa cikin demencia ko locura, wato hauka. Likitocin da suka duba shi a farkon 2001 sun ce yana da demencia ta jijiyoyin jini, mai sauƙi zuwa matsakaiciya. Tambayar da ta rage wa alƙalai ita ce ko kalmar da likita ya rubuta ita ce kalmar da doka take nufi. Kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da shari'ar a Yuli 2001, Kotun Ƙoli kuma ta rufe ta a Yuli 2002.

A Nuwamba 2003 Pinochet ya yi hira da wani gidan talabijin na Miami, yana amsa tambayoyi tiryan-tiryan yana kare mulkinsa. A 2004 kotunan Chile suka cire masa rigar kariya a wata shari'ar, a shekarar kuma binciken Majalisar Dattawan Amurka ya bankaɗo asusun ɓoye da yake da su a bankin Riggs. Ya mutu ranar 10 ga Disamba 2006 yana da shekara 91 ba tare da an yanke masa hukunci ba. Ko da a ce ciwon nasa gaskiya ne, dokar da ba ta san mataki-mataki ba ta bar alƙalai da zaɓi biyu kacal. Kalmar da ke ƙwace wa talakan tsoho ikon sa hannu a takardar gonarsa, ita ce ta zame wa mai ƙarfi ƙofar fita.

A nan ne aka yi gyaran da ya fi kowanne amfani. Bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2006, ƙasashe suka fara sake dokokinsu. A 2009 Kolombiya ta yi dokar da ta ce duk inda kalmar demente ta fito a dokokinta a maye gurbinta, a 2019 kuma ta soke tsarin ƙwace ikon baligi gaba ɗaya. Sabon kundin Ajantina da ya fara aiki ranar 1 ga Agusta 2015 ya yi watsi da kalmar. Ya ɗauki kowane mutum a matsayin mai ikon kansa har sai an tabbatar da akasin haka, ya wajabta wa alƙali ya gana da mutumin ido da ido, ya fayyace ayyukan da aka taƙaita masa ɗaya bayan ɗaya, a kuma sake duba hukuncin cikin shekara uku. Sifaniya ta bi sahu da dokar 2021 da ta maye gurbin ƙwace iko da tsarin tallafa wa mutum wajen yanke shawara. Abin lura shi ne ba kalma kaɗai aka cire ba. An sauya tambayar da alƙali yake yi, daga "shin mahaukaci ne?" zuwa "wane abu ne ba zai iya yi shi kaɗai ba, kuma wane taimako yake buƙata?"

A jefar da kalmar?

Akwai masu ganin cewa tunda kalmar ta gurɓata, a yar da ita baki ɗaya. Hujjarsu tana da ƙarfi. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar da bugu na biyar na kundinta, inda ta kawo sabon suna da a Sifaniyanci ya zama trastorno neurocognitivo mayor, wato babbar tangarɗar aikin ƙwaƙwalwa. A 2004 gwamnatin Japan ta sauya tsohon sunan cutar, chiho, mai ɗauke da ma'anar wauta, zuwa ninchisho, wato larurar fahimta, kuma sabon sunan ya zauna.

Sai dai Japan ba ta tsaya kan suna ba. Daga 2005 ta shiga horar da miliyoyin talakawa, da ma'aikatan banki da na shaguna da 'yan makaranta, kan yadda za su gane mai larurar su taimake shi. Sunan ya samu abin da zai jingina da shi. Inda babu irin wannan aiki, sabon suna yakan gaji ƙazantar tsohon. Sifaniya ta ga haka da idonta: kalmar subnormal ta taɓa zama sunan da hukuma ke rubutawa a takardu ga masu raunin fahimta, a yau tana cikin munanan zagi a harshen. Sai a 2024 aka gyara sashe na 49 na kundin tsarin mulkin ƙasar domin cire kalmar disminuidos, wato tauyayyu, wadda a 1978 aka ɗauke ta a matsayin ta ladabi. Haka kuma sunan kalmomi uku da likitocin Amurka suka kawo ba abin da jika za ta faɗa wa maƙwabciya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bar tsohuwar kalmar a sabon jadawalinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, Chile ta sa ta a sunan shirinta na ƙasa na 2017, Sifaniya ma haka a nata na 2019.

Jama'a kuma sun nemo tasu mafitar: suna cewa alzhéimer, da ƙaramin baƙi, kamar yadda ƙamusun ya karɓe ta. Sunan Bajamushen likita ba ya ɗauke da abin kunya, yana da ƙamshin asibiti. Amma wannan ma da hasararsa, domin kusan ɗaya cikin uku na masu larurar ba Alzheimer ke damunsu ba. Wanda tasa ta jijiyoyin jini ce yana buƙatar a tsare hawan jininsa. Akwai kuma nau'in da ke sa mutum ganin abin da babu, wanda wasu magungunan taɓin hankali ke yi wa mummunar illa. Idan aka ɗauki irin wannan marar lafiya a matsayin mahaukaci aka ba shi maganin mahaukata, kuskuren suna ya zama kuskuren magani. Saboda haka harshen yana buƙatar kalma ta gama-gari, kuma wadda yake da ita ke nan. Abin da ya rage shi ne a wanke ta.

Waɗanda suka wanke ta

Abin da ya fi rage wa larurar kunya a duniyar Sifaniyanci shi ne ganinta a jikin mutanen da ba wanda zai kira mahaukata. Adolfo Suárez shi ne firaministan da ya jagoranci Sifaniya daga mulkin kama-karya na Franco zuwa dimokuraɗiyya tsakanin 1976 da 1981. A 2005 ɗansa ya bayyana a talabijin cewa mahaifinsa ba ya tuna ya taɓa shugabantar gwamnati. A 2008 aka ga wani hoto da ɗan ya ɗauka ta baya, Sarki Juan Carlos ya dafa kafaɗar tsohon firaministan suna tafiya a lambun gidansa. Da ya rasu a Maris 2014, aka sa wa babban filin jirgin saman Madrid sunansa.

Pasqual Maragall, magajin garin Barcelona a lokacin wasannin Olamfik na 1992 kuma shugaban gwamnatin yankin Kataloniya daga 2003 zuwa 2006, bai jira wani ya yi magana a madadinsa ba. A Oktoba 2007 ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce an gano yana da Alzheimer, a 2008 kuma ya kafa gidauniyar bincike mai ɗauke da sunansa, wadda har yau take aiki a Barcelona. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mutumin da ya faɗi sunan ciwonsa da bakinsa, cikin natsuwa, ya rushe zaton cewa ranar da aka gano cutar ita ce ranar da hankali ya ƙare.

A Kolombiya kuwa, a 2012 ƙanen marubuci Gabriel García Márquez, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1982, ya shaida wa wani taro a Cartagena cewa yayansa na fama da demencia senil. Maganar ta tayar da ƙura, wasu na kusa da marubucin suka musanta, abin da ke nuna nauyin da kalmar take da shi har a lokacin. Bayan rasuwarsa a 2014, ɗansa Rodrigo ya rubuta littafi ya bayyana yadda tunanin mahaifinsa ya riƙa zubewa. Masu karatunsa sun tuna cewa a shahararren littafinsa na 1967 ya ba da labarin wani gari da annobar mantuwa ta afka wa, har mutane suka koma rubuta sunan kowane abu suna liƙa masa.

Abin da ya shafi masu riƙe da alƙalamin hukuma

Najeriya ta san irin wannan gado. Har zuwa Janairu 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙasar tana aiki ne da dokar 1958 mai tushe a dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916, wadda sunanta ma dokar hauka yake nufi. Hausa kuma tana da nata turaku biyu. Idan dattijo ya fara fita cikin dare yana neman gidan da ya bari shekara 40 da suka wuce, ko dai a ce ya taɓu, a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, ko a ce gigin tsufa ne, a ƙyale shi. Duka biyun ba sa kai shi gaban likita.

Masu rubuta daftarin doka, da masu fassara saƙonnin ma'aikatar lafiya, da masu zama a teburin tantance 'yan fansho su ne ke zaɓar kalmomin da za su bi irin wannan dattijo. Cutar mantuwa ba cikakken suna ba ne, tunda larurar ta wuce mantuwa, amma yana da fa'ida guda da demencia ta rasa: ya fara da kalmar cuta, kuma babu hauka a cikinsa. Ya dace hukumomi su tsaya a kansa a duk sanarwa ta Hausa, su riƙa haɗa shi da bayanin cewa ba kowane tsoho yake kamuwa ba, kuma wasu abubuwan da ke kama da shi suna da magani. Wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na larurar na da nasaba da abubuwa 14 da za a iya magancewa, ciki har da hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da raunin ji da ba a kula da shi ba. Wannan saƙo ba zai isa ga wanda ya ɗauka maganar mahaukata ake yi ba.

A takardun ofis kuwa, ƙa'idar da Ajantina ta sa wa alƙalanta tana da sauƙin aro. Kafin a rubuta cewa tsohon ma'aikaci ba ya cikin hayyacinsa a miƙa haƙƙinsa ga wani ɗan'uwa, a gan shi, a yi magana da shi, a rubuta takamaiman abin da ya kasa da abin da har yanzu yake iyawa, a kuma sa ranar da za a sake dubawa. Mutumin da ya kasa tuna lambar fayil ɗinsa yana iya sanin sarai wane ne cikin 'ya'yansa ya amince ya karɓar masa kuɗi, kuma fom ɗin da ke gabansa ya kamata ya bar masa gurbin da zai faɗi hakan.